Mai Babur, Gyara Kayanka: Kada Mangala Ta Rufe Fitilar Kwana



Yau babur, wato moto, ya shiga ko'ina cikin karkara. Ayyuka da yawa da jaki ke yi a da, yanzu babur ne ke yin su. Shi ke kai hatsi kasuwa. Shi ke ɗauko ruwa daga rijiya mai nisa. Shi ke kai madara gari tun ba ta lalace ba. Ranar Alhamis a Damagaram, ko ranar Lahadi a Tawa, in ka tsaya bakin hanya da safe, za ka ga babura suna shigowa kasuwa, kowane da kaya dama da hagu kamar jaki da mangala.

Rataya kaya gefe biyu dabara ce mai kyau. Nauyi yana zama ƙasa-ƙasa, babur ba ya rangaji kamar in an tula kayan bisa. Amma akwai matsala guda. Masu ƙera babur sun ɗaura ƙananan fitilu biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, masu ƙiftawa in za a sha kwana. Makanikai na ce masu kilinyota, a Najeriya kuma sigina. Mu nan za mu ce masu fitilun kwana. To, a babura da yawa, daidai wurin da mangala ke sauka, nan fitilun su ke.

Shi ya sa ɗayan abu uku ke faruwa. Ko buhu ya danne fitila har ta karye. Ko bido ya tare ta, tana ƙiftawa amma ba mai ganin ta. Ko kuwa mai babur ya gaji da sayen sabuwa, ya cire su duka biyu ya jefar. Duk ukun ba su da kyau. Akwai hanya ta huɗu, mai sauƙi kuma mai araha: a kwance fitilun, a maida su can baya inda kaya ba su kai. Yadda a ke yin haka, shi za mu bayyana maku.

FITILAR KWANA ITA CE BAKINKA A HANYA

Mai jaki in zai ratse, sai ya juya ya yi magana, ko ya ɗaga sanda. Tafiyar jaki sannu ce, kowa na da lokaci. Bisa gudoro ba haka ba ne. Direban da ke bayanka ba ya jin muryarka, bai kuma san inda gonarka ta ke ba. Fitilar kwana ce kaɗai ke gaya mashi abin da ke zuciyarka.

Mu yi lissafi. Motar da ke gudun kilometir 60 a awa tana cin metir 17 cikin daƙiƙa guda. Wannan ya fi taku 20 na babban mutum. Kafin direba ya gan ka, ya gane za ka juya, ya kai ƙafa ga birki, daƙiƙa guda ta wuce. Bayan nan ne motar za ta fara rage gudu. In babbar mota ce mai ɗauke da albasar Galmi ko buhunan wake, tsayawarta na buƙatar fili mai yawa ƙwarai.

A Nijar hannun dama mu ke bi. Don haka kwanar hagu ta fi haɗari, domin sai ka ƙetare hanyar gaba ɗaya. Na baya yana shirin wuce ka ta hagu, kai kuma ka karkata hagu ba labari. Dubi babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Maraɗi, Tasawa, Damagaram har Difa. Ƙauyuka da gonaki nawa ne ke bakinta? Kowace ƴar hanya da ta ratse daga gudoro, wurin shan kwana ce.

Wani zai ce: ai ina miƙa hannu. Miƙa hannu ya fi babu. Amma hannun dama shi ke ba babur wuta, shi ke riƙe da birkin gaba. Sakin hannu kuma ga babur mai nauyin kaya, cikin rairayi ko gargada, neman faɗuwa ne. Da dare ba a ganin hannu. Lokacin ɗari, in buda ta sauka, ko da rana ba a ganin shi da kyau.

A shekara ta 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da labari cewa mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara cikin haɗarin hanya. Ta ce in an gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. Mukan ce tsautsayi ba ya wuce ranarshi. Amma mukan ce kuma rigakafi ya fi magani.

ABIN DA DOKA TA CE

A shekara ta 1968, ƙasashen duniya sun taru a birnin Viyana na ƙasar Ostiriya, suka yi yarjejeniya bisa dokokin hanya. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a shekara ta 1975. Abu biyu cikinta sun shafi maganarmu.

Na farko: duk wanda zai sha kwana, sai ya sanar tun da wuri, a fili, da fitilar kwana, in babu ita da hannu. In ya gama juyawa, ya kashe ta nan take.

Na biyu: kada kayan da aka ɗauka su rufe fitilu, ko lambar abin hawa, ko alamar da mai tuƙi ke yi da hannu.

Ashe wanda buhunshi ya rufe fitila, da wanda ya cire ta, duk sun saɓa. In jandarma ya tsaida ka ya ce gyara, kada ka ji haushi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

INA ZA A MAIDA FITILUN?

Kada ka fara kwance komai sai ka yi awo. Ɗora kayan da ka saba ɗauka, mafi girmansu. Hau babur ka zauna. Sa ɗan'uwanka ya duba inda kayan suka ƙare ta baya, ya sa alama da gawayi. Fitilun za su koma bayan wannan alama.

Wuri biyu ne suka fi dacewa: gefen faifan lamba, ko ƙarshen kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na bayan sirdi.

Akwai ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 53, wadda masu ƙera babura na ƙasashe da yawa ke bi. Ga awon da ta bayar:

1. Tsakanin fitilar dama da ta hagu, kada ya kasa santimetir 18. Wannan ya kusa taƙi guda na babban mutum. In ka samu taƙi da rabi, ya fi. Fitilun da suka matse wuri guda, daga nesa ba a gane wacce ke ƙiftawa.

2. Daga ƙasa, kada su sauka ƙasa da santimetir 35, kada su haura santimetir 120. Wato daga kusa da gwiwa zuwa ƙirji.

3. Launinsu ruwan lemu. Ja na fitilar birki ne, fari na fitilar gaba ne. Kada ka sa shuɗi ko kore don ado.

4. Su ƙifta sau 60 zuwa 120 cikin minti guda, wato sau ɗaya ko biyu kowace daƙiƙa.

Ban da haka, tsayinsu ya zama ɗaya, su dubi baya sosai, kada ɗaya ta dubi sama ɗaya ƙasa. Kada su tare lamba, kada su tare jar fitila. Kada kuma su yi tsawo har su wuce faɗin kaya, don za su riƙa bugun ƙofar gida da kututture.

KAYAN AIKI

Ga abin da za ka tanada:

- falan ƙarfe guda, kaurinshi milimetir 3, faɗinshi yatsa biyu;
- bulo biyu da notinsu, da wasa mai hana noti kwancewa;
- wayar lantarki metir 2, mai kauri ɗaya da ta babur;
- dalma ta liƙe waya;
- baƙin sikoc na masu lantarki;
- tsohuwar robar cikin taya;
- ɗan fenti.

Duk waɗannan ana samun su a kasuwa, kuɗinsu duka bai kai na buhun hatsi guda ba. Tsofaffin fitilunka, in suna da lafiya, su za ka maida. Ba sai ka sayi sababbi ba.

AIKIN ƘARFE

Wannan aikin maƙeri ne ko mai walda. Amma ka tsaya a kai, ka san abin da ka ke so.

1. A yanka ƙarfen ya ɗara faɗin lamba da yatsa uku kowane gefe.

2. A lanƙwasa bakinshi biyu su zama kunnuwa. A huda kowane kunne daidai kaurin wuyan fitila. Ka tafi da fitilar a gwada, don wuyansu ba ɗaya ba ne.

3. A yi huda biyu a tsakiya, daidai da bulo biyun da ke riƙe lamba, ko da ramukan kariya. Huda biyu, ba ɗaya ba. Ƙarfen da bulo guda ke riƙewa yana juyawa, fitilun su karkace.

4. A goge kaifi, a shafa fenti don tsatsa.

5. A yanka ƴar roba a sa tsakanin ƙarfen da babur. Ita za ta sha girgiza.

6. A ɗaure tamau. In babu wasa, a sa noti biyu bisa bulo guda, a matse su da juna. Hanyar laterit tana kwance noti kamar da hannu.

Ka duba abin da ke riƙe lambar baburinka. In roba ce, ba za ta jure ƙarin nauyi ba, za ta tsage. Sai ka ɗaura ga kariya.

Hattara da abu biyu. Kada a huda sasi, kada a yi mashi walda. Sasi shi ne ƙashin bayan babur, in ya yi rauni zai karye ranar da ka ɗauki kaya. In kuma dole a yi walda ga kariya, a kwance ta a yi aikin a ƙasa, nesa da tankin esansi. Wutar walda tana iya ƙona ƙananan kayan lantarkin babur, tartsatsinta kuma na iya tada gobara.

Wuyan fitila na asali roba ne, an yi shi don ya lanƙwashe in babur ya faɗi. Kada ka canza shi da ƙarfe. Fitilu da yawa kuma suna da ɗan rami na fitar ruwa. Ka tabbata ramin ya dubi ƙasa. In ya dubi sama, da damana fitilar za ta cika da ruwa.

AIKIN WAYA

Da ya ke fitilun sun ja baya, wayarsu ba za ta kai ba. Sai an ƙara ta. Nan ne mutane da yawa ke ɓata aiki, don haka mu bi sannu.

1. Kashe babur, zare makulli. Cire wayar batiri mai alamar ragewa (–). Ita a ke fara cirewa, ita a ke maidawa ƙarshe.

2. Ɗaga sirdi ko murfin gefe, bi wayar fitila har inda ta haɗu da sauran. Galibi akwai ɗan mahaɗi da a ke zarewa da hannu. Riƙe mahaɗin ka ja, kada ka ja wayar.

3. Sa alama tun ba ka zare ba. Ɗaura zare ga wayar hagu. A baburan Honda, da na Sin da yawa masu bin tsarinta, waya mai ruwan lemu ta hagu ce, mai shuɗi-shuɗi ta dama, koriya kuma ita ce mas. Wasu kamfanoni suna da launi dabam. Don haka ka dogara ga zarenka.

4. Kowace fitila tana son hanya biyu: wadda wuta ke shigowa, da wadda ta ke komawa, wato mas. Wasu fitilu waya biyu gare su. Wasu guda ce kawai, suna samun mas ta jikin ƙarfen da aka ɗaura su. In irin wannan ce taka, roba da fentin da ka sa sun yanke mata hanya. Sai ka ja mata wayar mas tata, daga ƙarƙashin notin fitila zuwa wani bulo na jikin sasi, wuri mai tsabta marar fenti.

5. Feɗe bakin waya kaɗan, murɗa su tare da kyau, ka liƙe da dalma. Mai gyaran rediyo ko wayar hannu zai yi maka wannan cikin minti kaɗan. Murɗawa kaɗai ba ta daɗewa. Ƙura da ruwa suna shiga, wurin ya yi tsatsa, fitila ta riƙa yi yau gobe ta ƙi.

6. Naɗe kowane haɗi shi kaɗai da sikoc. Kada ka yi haɗi biyu kusa da juna, ka ja ɗaya gaba da yatsa biyu, don kada su taɓa. Kada ka naɗe da leda, zafi na narka ta.

7. Bi da wayar ta jikin ƙarfe, inda tsohuwar waya ta bi. Ɗaure ta kowane taƙi da tsirin roba. Kada ta yi lilo kusa da taya, ko sarƙa, ko salansa. Kada kuma ta bi inda igiyar kaya ke gogawa. Inda ta ratsa rami ko kaifin ƙarfe, sa mata rigar roba.

8. Bar mata ɗan sassauci kusa da fitila. Wayar da aka ja tamau tana tsinkewa daga ciki, ba a gani.

Ka tuna, in babur ya ɗauki kaya ya faɗa rami, taya na tashi sama har ya kusa murfinshi. Wayar da ka ga tana nesa da taya lokacin da babur ke tsaye ba kaya, tana iya shiga bakinshi a hanya.

GWAJI

Maida wayar batiri, tada babur. Ɗora kaya, hau ka zauna. Sa ɗan'uwanka ya koma baya taku 10, sannan taku 50. Kunna hagu, ya ɗaga hannun da ya gani. Kunna dama. Sa'an nan ya matsa gefen hanya dama da hagu, ya sake dubawa. A yi gwajin nan da rana tsaka, don da dare kowace fitila tana da haske.

Ga abin da za ka iya gani:

Ka kunna hagu, ta baya ta ƙifta dama: wayoyi sun sauya. Gyara nan take. Wannan ya fi rashin fitila muni, domin ƙarya ka ke yi ma na baya.

Fitila na ƙiftawa da sauri ƙwarai, ko ta kama ta tsaya cak: ƙwan fitila guda ya mutu, ko haɗi guda bai kama ba.

Haskenta ya yi rauni, ko jar fitila na ƙiftawa tare da ita: mas ba shi da kyau. Kankare wurin, ka sake ɗaurewa.

Ba abin da ya kama ko kaɗan: duba fis. In ya ƙone, wata waya ta taɓa ƙarfe. Nemo wurin tukuna, sannan ka sa sabon fis mai lamba ɗaya da tsohon. Kada ka sa waya ko takardar sigari a madadinshi. Fis yana ƙonewa ne don kada babur ya ƙone.

Baburan yanzu galibi wutar bolti 12 su ke amfani da ita, ƙwan fitilar kwana kuma yakan zama wat 10. An rubuta lambar a gindin ƙwan. Tafi da tsohon kasuwa, a ba ka irinshi. In ka sayi ƙananan fitilun zamani da a ke ce ma LED, ka sani wuta kaɗan su ke ci. Ɗan akwatin da ke sa fitila ƙiftawa, wanda makanikai ke ce ma santaral, yana iya ruɗewa da su. Sai an sa wanda ya dace da LED. Ka kuma gwada haskensu cikin rana kafin ka biya. Araha ba ta ado.

MANGALAR ITA MA SAI AN GYARA TA

Tunda ka je wurin mai walda, sa ya yi maka ƙarfen tare kaya kowane gefe, a ɗaura shi ga kariya da bulo. Shi zai hana buhu shiga taya ko sarƙa. A gefen salansa, a bar tsakani kamar yatsa huɗu. Salansa na narka bido, yana ƙona buhu. Bidon esansi kuwa, kada ya kusanci wannan gefe ko kaɗan.

Litir guda na ruwa kilo guda ne. Bido mai litir 25 ya ɗara kilo 25. Biyu sun wuce kilo 50, ga nauyinka kai kanka. Raba kaya daidai dama da hagu, kamar yadda ka ke yi ma jaki. Babur mai kaya ba ya tsayawa da wuri, don haka rage gudu, ka kunna fitilar kwana tun kana nesa da mararraba. Dubi madubi, waiwaya, sannan ka juya. In ka gama, kashe ta, don galibi fitilar babur ba ta kashe kanta.

KULAWA TA KULLUM

Kowace safiya kafin ka fita, bayan ka gama ɗaure kaya, kunna dama, kunna hagu, zagaya ka gani. Goge ƙurar da ke bisa gilashi da bakin rawaninka. Sati guda bayan aikin, sake matse noti, don sabon ɗauri yakan saki. Farkon damana, duba sikoc, in ya ɗaye ka sake naɗewa.

Ƴan'uwa, aikin nan na wuni guda ne. Kwana guda a likita ya fi shi tsada, balle karaya cikin damana, lokacin da gona ke jiran mai ita. Wanda ya iya karatu, ya karanta ma wanda bai iya ba tukuna. Ku kai wannan takarda wurin makanikin garinku da mai walda, ku duba awon tare. In maƙwabcinka ya fito da buhu bisa fitila, ka gaya mashi. Allah ya kai kowa kasuwa lafiya, ya maido shi gida lafiya.